Jarrabawar Da Sai Maƙeri Ya Lanƙwasa Wuƙarsa Kafin A Yarda Da Shi

Da wuya a sami mai sana'ar da zai yarda ya yi kwana da kwanaki yana ƙera abu, sa'an nan ya ɗauke shi ya kai gaban alƙali ya lalata shi da hannunsa. Amma a ƙasar Amurka, duk mai son Ƙungiyar Maƙeran Wuƙa ta ƙasar, wadda ake kira ABS a taƙaice, ta shaide shi a kan ƙwararre ne, tilas ya yi haka. In kuwa yana son ya kai matsayin gwani, sai ya sake yi karo na biyu.

Ga yadda abin yake. Mai neman shaida zai ƙera babbar wuƙa da kansa, tun daga dukan ƙarfe har zuwa sa ƙota. Tsawon ruwanta kada ya wuce inci 10, tsawonta duka har da ƙota kada ya wuce inci 15, faɗinta kuma kada ya haura inci 2. Sai ya tafi da ita maƙerar wani gwani wanda ƙungiya ta amince da shi. Da farko za a rataye igiya mai kaurin inci 1, a bar ta tana reto ba abin da ya riƙe ta daga ƙasa, a ce ya datse ta da sara ɗaya tak. Daga nan a miƙo masa katako irin wanda kafintoci ke kira tu-bai-fo, ya sare shi ya rabu biyu, ya sake sarewa. Ba a yarda ya wasa wuƙar a tsakani ba. Gwanin zai karɓa ya bi bakinta da farce, ko ya ji inda ya ɓantare ko ya naɗe. In ya sami aibi ko kaɗan, magana ta ƙare. In bai samu ba, sai mai wuƙar ya aske gashin hannunsa da daidai wurin nan da ya sari katakon.

Sa'an nan a zo ga babbar. Za a dakushe bakin wuƙar saboda gudun haɗari, a ɗaure tsininta a cikin mamatsin ƙarfe irin na makanikai, mai ita ya kama ƙota ya yi ta janyowa har ta lanƙwashe ta yi kusurwa kamar ta kusurwar ɗaki, watau digiri 90. An yarda bakinta ya ɗan tsage, muddin tsagar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinta ba. Amma in ta ce ƙas ta rabu biyu, sai ya tattara guntayensa ya koma gaban wuta.

Abin Da Wuta Ke Yi Wa Ƙarfe

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala, alhali ba wanda ke sayen wuƙa don ya lanƙwasa ta? Amsar ita ce, abubuwa biyun nan da ake nema, watau kaifin da ba ya gudu da kuma jikin da ba ya karyewa, kishiyoyin juna ne. Ƙarfen da ya yi tauri ƙwarai yana riƙe kaifi, amma yana karyewa kamar kwalba. Wanda ya yi laushi kuwa ba ya karyewa, amma kafin a gama fiɗar akuya guda ya zama sanda. A ƙaramar wuƙar yanka albasa wannan ba wata damuwa ba ce. A babbar wuƙa kuwa, wadda ake ɗagawa a sari ƙashi ko itace da ita, guntun da ya ɓalle yana iya raba mutum da idonsa.

Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne ɗan sinadarin gawayi da ke cikinsa, wanda masana ke kira kabon. Ƙarfen ƙusa ko na ƙyaure ba shi da isasshensa, ko an shekara ana tsoma shi a ruwa ba zai taurare ba. Ƙarfen sifirin ɗin mota kuwa yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa maƙera suka raja'a a kansa ko'ina a duniya, daga masu ƙera wuƙar kukuri a ƙasar Nefal har zuwa namu na nan gida.

Ana dukan ƙarfen ne lokacin da ya yi ja ya soma komawa ruwan lemo, wajen digiri 900 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas. A fitar da tsini, a zazzago baki, a miƙar da wutsiyar da za ta shiga ƙota. Babbar wuƙa tana da wata fitina a nan: duk lokacin da aka daki bakinta don ya yi siriri, sai ta gantsare ta yi baya kamar lauje, saboda haka gwani tun da fari yakan tanƙwara ta gaba, don in ta gantsare ta dawo daidai. Wannan duka aiki ne da ido ke gani, kuma yaro mai ƙwazo yakan kama shi da wuri.

Wanda ido ba ya gani shi ne mai wuyar. Ƙarfen da ya sha zafi fiye da kima ƙwayoyin cikinsa sukan yi ɓarzo-ɓarzo, ya zama mai saurin karyewa, ko da kuwa daga waje yana ƙyalli kamar madubi. Maganin wannan shi ne a mai da shi wuta a hankali, a fitar a bar shi ya huce da kansa a iska, sau biyu ko uku, har ƙwayoyin su yi laushi. Bayan haka ne za a zo ga tsomawa. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 770, maganaɗisu yakan daina kama shi. Da ya ɗan haura nan kaɗan, sai a zare shi a tsoma cikin mai nan take. A wannan lokaci ya yi taurin da ko magagari ba ya cinsa, amma in ya faɗi a kan siminti yana iya tarwatsewa. Don haka sai a sake gasa shi da sanyin wuta, wajen digiri 200, har farin jikinsa ya koma launin busasshen kara, ya rage tauri kaɗan ya sami juriya.

To, mai shiga jarrabawa sai ya ƙara da wata dabara. Ko dai ya tsoma bakin wuƙar kaɗai a cikin mai ya bar bayanta a waje, ko kuwa ya taurara ta duka, sa'an nan ya nutsa bakin a ruwa ya bi bayan da harshen wuta har ya yi shuɗi. Ta haka wuƙa guda za ta zama da hali biyu, baki mai tauri, baya mai haƙuri. Maƙeran Nefal da buta suke yin nasu, su riƙa tsiyaya ruwa a kan bakin jan ƙarfen kaɗai.

Gaskiya dai, ba lalle ne wuƙar da ta fi lanƙwasuwa ta zama ta fi kowace kyau a wurin aiki ba, kuma akwai maƙeran da ke faɗin haka a fili. Haka nan duka da masaɓa ba ya ƙara wa ƙarfen kamfani na zamani wani asiri, kamar yadda waɗansu ke kurantawa. Jarrabawar maƙerin take aunawa: shin ya san inda ya sa tauri da inda ya hana shi, ko kuwa sa'a ce kawai yake yi?

Mutum Biyu, Hali Biyu

Ba haka kawai Amurkawa suka tsiro da wannan tsari ba, sai da sana'ar ta kusa kuɓuce musu. A wani ƙaramin gari mai suna Washinton a Jihar Arkansas, ba babban birnin ƙasar ba, an yi wani maƙeri James Black, wanda ake cewa shi ya ƙera wa Jim Bowie babbar wuƙa wajen shekarar 1830, irin wadda har yau ake kira da sunan Bowie ɗin. Labarin da ake bayarwa shi ne, Black yakan ja labule in zai taurara ƙarfe don kada kowa ya gani. Daga baya ya makance. Cikin shekarar 1870, yana ɗan shekara 70, ya ce a kawo alƙalami da takarda zai faɗi asirin a rubuta, amma da aka zauna sai ya tarar ya manta shi ƙaf. Masana tarihi suna da ja a kan wannan labari, amma ko ba komai ya nuna abin da masu sana'ar suke tsoro.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 kamfanoni sun cika kasuwa da wuƙaƙe masu araha, masu yin na hannu kuma yawancinsu sun koma yanko ƙarfe su gurje shi da inji, ba wuta ba masaɓa. 'Yan tsirarun da suka rage a gaban uwar maƙera, ɗaya daga cikinsu shi ne Bill Moran, ɗan manomi daga Jihar Maryland, wanda aka haifa cikin 1925. Ba gado ya yi ba, ba kuwa malami gare shi ba. A gonar mahaifinsa ya koya wa kansa, ta hanyar tambaya da karatu da ɓata ƙarfe.

Cikin 1973, a wani bajen kolin masu wuƙaƙe a birnin Kansas, Moran ya fito da wuƙaƙen da ya ƙera ta hanyar haɗa ƙarfe iri biyu a wuta, a ninka, a sake ninkawa, har zane ya fito a jikinsu kamar igiyar ruwa. Ana kiran irin wannan ƙarfen Dimashƙ, ko da yake takubban Dimashƙ na asali da narkakken ƙarfen Indiya aka yi su, ba da ninki ba. Jama'a suka yi ca a kansa. Maimakon ya ja labule, sai ya raba wa masu so takardar da ta bayyana yadda ya yi, kyauta. Cikin 1976 shi da Bill Bagwell da Don Hastings da B.R. Hughes suka kafa ƙungiyar, a 1988 kuma aka buɗe makarantar koyon ƙirar wuƙa a garin nan na James Black, tare da haɗin gwiwar Kwalejin Texarkana. Moran ya rasu cikin 2006.

Makarantar ba ta mai da mutum maƙeri. Darasin farko mako biyu ne kacal, abin da yake yi wa ɗalibi shi ne ya rage masa zaman jira daga shekara uku zuwa biyu kafin a yarda ya shiga jarrabawa. Wanda ya ci, sai kuma ya kai wuƙaƙe biyar gaban taron alƙalai su duba tsabtar aiki, sa'an nan a ba shi izinin buga haruffan JS a jikin wuƙarsa. Bayan aƙalla shekara biyu yana iya neman zama gwani, mai haruffan MS. A nan sai ya maimaita igiya da katako da lanƙwasa, amma da wuƙar ninki mai falle 300 ko fiye. Lissafin ba wuya: in ka fara da falle 10 ka ninka sau biyar, ka sami 320. Wuyar ita ce kowane ninki sai ya haɗe sarai a wuta, domin ɗan datti ɗaya da ya maƙale a tsakani, a cikin mamatsi zai tona asiri.

Mu Fa?

A ƙasar Hausa ƙira gado ce, kuma hanyar koyonta ba ta da laifi. Yaro yakan fara da ɗebo gawayin ƙirya da zaman zuga, yana zuga yana kallon launin ƙarfe shekara da shekaru kafin a miƙa masa awartaki, balle masaɓa. Idon da aka hora haka, ba makarantar mako biyu da za ta ba da shi. Sai dai gado shi kaɗai ba ya tsare ilmi, mun kuwa gani da idonmu. Kakannin maƙeranmu daga tama suke fitar da ƙarfensu, har labarin kafuwar Kano ma yana ambaton maƙeran Gaya da suka zo neman tama a gindin Dala. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, tsofaffin ƙarafa suka yawaita suka yi araha, sai narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta zama sai labari, ba tare da an rubuta ta yadda ɗan yau zai ɗauka ya yi aiki da ita ba.

Abin da ya rage a hannunsu shi ne sanin wuta, shi ma kuwa yana cikin gasa da addunan kamfani. Mahauci ya san maƙerin da wuƙarsa ke riƙe kaifi, domin kullum yana tare da ita. Amma magidancin da ke sayen wuƙa sau ɗaya a shekara, a jajibirin Babbar Salla, ba shi da abin dubawa sai ƙyalli da adon kube, saboda haka mai ƙera ta da ƙarfen ƙyaure da mai ƙera ta da sifirin kuɗi ɗaya suke samu. Muna da sarakunan maƙera a garuruwanmu, waɗanda maganarsu ke da nauyi a wurin 'yan sana'a, kuma ba abin da zai hana su tsara irin tasu jarrabawar da tambarin da za a riƙa bugawa a jikin wuƙar wanda ya ci. Kayan aunawar duk suna nan: igiyar rama tana kasuwa, katako yana 'yan katako, mamatsi yana garejin kowane makaniki, maganaɗisu kuwa ana cire shi daga lasifikar tsohuwar rediyo.