Tsohuwar Mota da Aljihun Mai Ƙaramin Ƙarfi

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mallakar mota ya sauya a Najeriya, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a biranen Arewa cikin 'yan kwanaki, sannan ta ƙetare 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 kuma Babban Banki ya sakar wa kasuwa darajar naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wannan ya sa motar da aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, wadda ake kira 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa, suka koma ga motar hannu, wato wadda ta riga ta sha hanyoyin ƙasar nan.

Kuɗin da ake miƙa wa mai mota da la'adar dillali somin-taɓi ne kawai. Tsohuwar mota kan nemi tayoyi da batir da juyen baƙin mai da gyaran ƙafa a watanninta na farko a sabon hannu, ga sabunta takardu, ga inshorar dole da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Saboda haka duk wanda zai kwashe ajiyarsa kaf ya zuba a ciniki, bai bar komai don bakanike ba, lokacin sayen motarsa bai yi ba tukuna.

Abin da ya fi shekarun mota muhimmanci shi ne samfurinta, domin samfuri ne ke nuna ko za a sami kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna ba tare da an aika Ladipo ta Legas ba. Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 ta yi suna ne saboda injinta mai lita 1.8 ba ya shan mai sosai, kuma sarƙa ce ke daidaita bugunsa, wadda kan daɗe ba ta buƙaci canji ba, yayin da mafi yawan injinan Golf 3 da na Peugeot 406 ke aiki da bel na roba da dole a sauya a kan lokaci, tunda tsinkewarsa a kan tafiya na iya jawo sauke inji. Pontiac Vibe ta waɗannan shekaru injin Toyota take ɗauke da shi, don haka kayanta ba sa wuya. Babbar mota mai silinda 6 da ake sakin ta da araha kuwa, sau da yawa mai ita ya gaji ne da ciyar da ita, kuma wanda ya saye ta don a gan shi a ciki zai gaji fiye da haka.

Hausawa na cewa tsohon doki sai mai shi, kuma mai sayarwa ba ya faɗin duk abin da ya sani, don haka wajibi ne mai saye ya zo da bakanikensa, ba wanda dillali ya nuna ba. Ana so a tayar da motar da sassafe injin na sanye, saboda inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta injin yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi sun cinye. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa na nufin ruwan lagireto na shiga inji ta gasket ɗin da ya ƙone, abin da kan bar wani kumfa mai kama da madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ke ɓarnatuwa. Sai a hau titi a ji yadda giya ke shiga, musamman mai canza kanta, domin fizga ko jinkiri a nan gyara ne mai tsada. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar da ke karanto matsalolin da kwamfutar motar ta adana, kuma kuɗin wannan gwaji bai taka kara ya karya ba. Lambar kilomita da ke kan allo ba abar dogaro ba ce, tunda ana iya mayar da ita baya.

Sauran aikin na takardu ne. Lambar shasi, wadda a motocin zamani ke da haruffa da alƙaluma 17, dole ta zo daidai a jikin mota da takardar mallaka da ta kwastan, kuma da ita ake iya binciko a intanet ko motar da ta fito daga Amurka ta taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta kafin a yi gwanjonta. A ranar 1 ga Janairun 2017 haramcin da gwamnati ta sanya kan shigo da motoci ta iyakokin tudu ya fara aiki, kuma jami'an kwastan na iya kama motar fasa-ƙwauri ko da ta sauya hannu sau da yawa, asarar kuma a kan wanda aka same ta a hannunsa take faɗawa. Don haka a tabbatar da takardar a ofishin kwastan, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu kafin kuɗi su fita.

Idan motar samfuri ce da ta cika gari, injinta da giyarta sun ci jarrabawa, takardunta sun inganta, kuma akwai ragowar kuɗin gyara a ajiye, sayenta ya dace ko da ta shekara 20. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi ya ci gaba da hawa babur ko A Daidaita Sahu yana ƙara tari.