Gyaran ƙwayoyin gado don cutar huhu: ina aka kwana?

Wataƙila kun ji a rediyo ko a waya cewa likitoci sun fara gyara ƙwayoyin gado, wato waɗanda ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba. Maganar tana da tushe, amma kada ku fitar da kuɗi kafin ku ji inda aikin ya tsaya.

Cutar huhun da aka fi gwada wannan hanya a kanta ita ce sistik faibrosis, wadda ta fi yawa a tsakanin Turawa. Yaro yana gadonta ne idan ya ɗauko gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa da uba duka, kamar dai sikila. Majina mai kauri takan toshe masa hanyoyin numfashi, guminsa kuma ya yi gishiri ƙwarai. An gano ƙwayar da ke haddasa ta a 1989. Dabarar masana ita ce a kai lafiyayyar ƙwaya cikin huhu ta yi aikin da gurɓatacciyar ta kasa. A wani gwaji a Birtaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2015, marasa lafiya sun riƙa shaƙar maganin kamar tururi, sau ɗaya a wata har shekara guda. Ƙarfin numfashinsu ya ɗara na waɗanda ba su samu ba da kusan kashi 4 cikin 100 kacal. Majinar nan ita ce take tare wa maganin hanya.

Sikila kuwa, wadda takan kama ƙirjin yaranmu, an amince da irin wannan magani dominta a Birtaniya da Amurka a 2023, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, kuma sai a manyan asibitoci.

Saboda haka duk wanda ya tare ku a kasuwar Jibiya, Maraɗi ko Ƙonni da kwalbar da ya ce tana gyara gado ta warkar da huhu, aljihunku yake nema. Tarin da ya addabe mu ba ya jiran wannan bincike. Idan tari ya kai mako 2, ku je asibiti a auna kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne a Najeriya da Nijar, ana shan sa wata 6. Idan fatauci zai tsallakar da ku iyaka, ku sanar da ma'aikacin lafiya tun da wuri, ku tafi da katinku da maganinku.