Motar Sare Bishiya Mai Kwamfuta, da Abin da Wayarka Za Ta Iya Ara Daga Gare Ta

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, idan za a kayar da darbejiya ko ɗorawa, kayan aiki su ne injin yanka na hannu, igiya, da mai ƙarfin hali. Inda bishiyar za ta faɗi kuwa, ido ne ke yanke hukunci. In ido ya kuskure, katangar maƙwabci ce ke shan wahala, ko wayar wuta, wani lokacin ma ƙafar mutum.

A dazuzzukan Finland da Suwidin aikin ya koma hannun manyan motoci na kamfanoni irin su Ponsse, Komatsu da John Deere. Motar tana da dogon hannu, a ƙarshensa akwai kai mai damƙe bishiya, ya yanke ta, ya share rassa, ya auna tsawo da kauri, sannan kwamfuta ta zaɓi inda za a gutsure gungumen.

Wahalar tana wajen sarrafa hannun. Gaɓoɓinsa da yawa, a da kuma sai direba ya motsa kowace gaɓa daban. A 2013 John Deere ya fito da tsarin IBC a motocin kwashe gungume, daga baya ya kai shi ga masu sarewa. An sa na'urorin ji a kowace gaɓa, suna faɗa wa kwamfuta kusurwar da take. Direba ya nuna inda yake so kan ya je kawai, lissafin sauran na manhaja ne. Sabon shiga yana saurin ƙwarewa, gajiya tana raguwa.

Gaskiya, irin wannan mota ba ta dace da gonakin yammacin Kano ba. An ƙera ta don daji mai bishiyoyi dogaye miƙaƙƙu, ba ɗorawa mai baza rassa a tsakiyar gero ba. Tsada kuma ba a magana.

Amma dabarar auna kafin yanka tana aljihunka. Na'urar da ke juya allon wayarka idan ka karkata ta, ita ce manhajojin auna kusurwa ke amfani da ita. Sauke ɗaya, ka saita gefen wayar zuwa ƙololuwar bishiya, ka riƙa ja da baya har ta nuna digiri 45. A fili mai gangara ko tudu lissafin na iya kaucewa, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, nisanka zuwa gindin, haɗe da tsayinka zuwa ido, shi ne tsawon bishiyar. Idan ka samu mita 12, ka san duk abin da ke cikin mita 12 a wajen faɗuwa yana cikin hatsari. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce 'yan kallo su tsaya nesa da ninki biyu, wato mita 24.

Waya ba ta ganin ruɓar cikin gindi, ba ta kuma san iskar hunturu za ta kaɗa ba. Waɗannan biyun sai mai yankan ya duba da kansa.