Yadda Cutar Ƙanjamau Ke Taɓa Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Ƙwayar cutar HIV ba a jini kaɗai take zama ba. Tun a makonnin farko take kutsawa cikin ƙwaƙwalwa, ta samu mafaka, tana haddasa kumburi sannu a hankali. Idan shekaru suka ja babu magani, sai mantuwa ta kama mutum, tunaninsa ya yi nauyi. Ɗan kasuwar da ke lissafi da ka sai ya kasa ba da canji, ɓalla maɓallin riga ma ya zame masa aiki.

Haɗari na biyu yana zuwa ne idan garkuwar jiki ta rushe. Lafiyayyen mutum yana da ƙwayoyin kariya na CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin gwajin jini. Idan suka gaza 200, cututtuka sun samu ƙofa. Ƙasa da 100 kuwa, wata funfuna mai suna kiriptokokas, da ke cikin ƙasa da kashin tattabaru, takan jawo sanƙarau mai farawa da ciwon kai marar jin magani. Tokzoplasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, takan kawo farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki. Tarin fuka ma yana iya hawa ƙwaƙwalwa.

Jijiyoyin ƙafa su ma ba su tsira ba. Majinyaci yakan ce tafin ƙafarsa na zogi kamar ya taka garwashi, musamman da dare.

A ɓangaren tunani, ciwon damuwa ne ya fi yawa, tsangwamar jama'a kuma na ƙara rura shi. Wanda damuwa ta danne yakan yi sakaci da shan magani, cutar ta sake samun ƙarfi. Wani lokaci maganin ne da kansa: efabirenz yana sa jiri da munanan mafarkai, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegrabir a kansa.

Sau da yawa dangi kan ɗauki ruɗewa da sambatu a matsayin sammu ko shafar aljanu, har lokaci ya ƙure. Alhali tun da aka fara haɗa magungunan rage kaifin cutar a 1996, mummunar gushewar hankali ta ragu ƙwarai. Duk mai ɗauke da cutar da ciwon kai ya ƙi sakinsa, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, asibiti ya kamata a kai shi a ranar.