Tayar Kamfani: A Bar Ta Ko A Sake Ta?

Hanyar da ta fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ta nufi yamma, ita ce jijiyar mutanen Gwarzo da Kabo. Ta bi ta Janguza da Rimin Gado, ta ratsa Garo cikin ƙasar Kabo, ta isa Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70, sa'an nan ta zarce Dayi a ƙasar Katsina. A kanta a ke ɗauko dawa da masara da dabbobi daga kasuwar Getso da sauran kasuwannin karkara, a kanta kuma malamai su ke shiga birni don neman fatawa da ta'aziyya da ɗaurin aure. Saboda haka in Allah ya hore wa mutumin wannan yanki abin sayen mota, ba ya rasa masu ba shi shawara, shawarar da ta fi raba kan jama'a kuwa ita ce ta taya. Waɗansu su kan ce ya cire tayoyin da motar ta zo da su tun ba ta taka kwalta ba, wai don hanyoyin Turai aka yi su. Waɗansu kuma su ce wannan almubazzaranci ne tsantsa, wanda ya ƙera mota ya fi kowa sanin takalmin da ya dace da ita.

Kowane ɓangare yana da gaskiya, abin da ya haɗa su gardama shi ne kalmar "sabuwa", gama motoci iri biyu ne a ke kira da wannan suna. Akwai sabuwa dal, wadda ta fito daga masana'anta ba wanda ya taɓa hawanta, kujerunta na cikin leda. Akwai kuma wadda a ke cewa 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam, wadda ta yi shekara goma ko fiye a Turai ko Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. Wannan sabuwa ce ga mai ita kaɗai. Galibin motocin da a ke taya mutane murnar saye a Gwarzo da Kabo irin na biyun ne, hukuncin ɗaya kuwa ba shi ne hukuncin ɗayar ba.

A fara da sabuwa dal. Kamfanin da ya ƙera mota ba ya yin taya da kansa, sai ya yi yarjejeniya da masu yin ta, su yi masa wadda ta dace da nauyin motar da birkinta da gudunta. Gaskiya ne yana duba araha, yana kuma son wadda ba ta sa mota shan mai da yawa, ba ta kuma ƙara a kan kwalta, shi ya sa wani lokaci tayar kamfani ta kan riga wata suɗewa. Amma tana da wata falala wadda malamai za su fi kowa gane ta, watau isnadi. An san wanda ya yi ta, an san hannun da ta bi har ta hau motar. Tayar da ke jingine a rumfar kasuwa kuwa, sau da yawa mai sayar da ita ma bai san tarihinta ba.

Dā can wannan bai zama abin damuwa ƙwarai ba. A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, Nijeriya tana da manyan masana'antun taya biyu, na Michelin a Fatakwal da na Dunlop a Ikeja ta Legas, suna aiki da robar da a ke tatsa daga itatuwan kudancin ƙasar. Tsadar wutar lantarki da sassauta kuɗin fito kan tayoyin waje suka karya su. Michelin ya rufe cikin 2007, Dunlop ya bi bayansa cikin 2008. Tun daga nan galibin tayoyin da ke kasuwa daga ƙetare su ke zuwa, mafi yawa daga ƙasashen Asiya, akwai nagari a ciki, akwai na banza. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta sha kama tayoyin da aka cusa wata cikin wata, uku ko huɗu, don a rage kuɗin jirgi. Tayar da aka yi wa haka wayoyin bakinta sun lanƙwashe tun ba ta ga hanya ba, ido kuwa ba ya ganin aibin. To, wanda ya cire taya mai isnadi ya ɗora irin wannan, ya biya kuɗi ne ya sayi kasada.

Duk da haka kada a ɗauka tayar kamfani ba ta kuskure. A Amurka kamfanin Ford ya yi wata mota mai suna Explorer, ya ɗora mata tayoyin Firestone tun daga masana'anta. Sai aka ga bayan tayar yana saɓulewa ana cikin gudu, motar ta kife. Abin lura shi ne a ƙasashe masu zafi ɓarnar ta fi tsanani, har Ford ya sake wa mutanen Saudiyya tayoyinsu cikin 1999, shekara guda kafin a amsa laifin a gida. A watan Agusta 2000 aka janye taya miliyan 6.5, hukumar Amurka kuma ta danganta mutuwar mutum 271 da al'amarin. Kamfanonin biyu suka yi ta jifan juna da laifi. Ford ya ce a sa iska 26, Firestone ya ce 30 ta fi dacewa. Ko wane ne mai laifin, abin da ya bayyana shi ne zafi da ƙarancin iska da gudu in sun haɗu su kan tona asirin taya. Zafin da ke sauka a kan kwaltar Gwarzo a watan Afrilu, sa'ad da awon zafi ya kan haura 40, bai yi nisa da na Hijaz ba.

Saboda haka abin da ya kamaci mai mota, kafin ya saurari kowa, shi ne ya tsuguna ya karanta tayar, domin kowace taya tana ɗauke da shaidarta a gefenta. Da haruffan boko aka rubuta, amma ko yaro ɗan firamare ya iya karanta wa mahaifinsa. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi layin har ƙarshe, za a tarar da lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In lamba uku ce kurum, to tun kafin 2000 aka yi ta, ba sauran magana. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, rana tana busar da ita, ta yi ta tsattsagewa kamar ƙafar manomi da hunturu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta yanke wa taya shekara 4 daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin ya fi sassauci, ya ce bayan shekara 5 a riƙa kai ta ga gwani kowace shekara, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta na nan. A ƙasar zafi da ramuka, ƙaramin adadin ya fi kusa da tsantseni. Ko motar da ta zo a leda a duba mata wannan lamba, gama ta yiwu ta daɗe a tashar jirgin ruwa ko a filin dillali tana shan rana.

Sai maganar nauyi, wadda ta fi shafar 'yan kasuwa. A jikin tayar ƙaramar mota irin Corolla a kan ga 195/65 R15 91H. Lambobin farko girma ne. Lamba 91 ita ce iyakar kaya, ma'anarta kilo 615 ga kowace taya, watau kilo 2,460 ga huɗun, har da nauyin motar kanta da mai da mutane. Motar ita kaɗai ta ɗauke kusan rabin wannan. In aka cusa fasinja shida ko bakwai, aka danƙara buhunan masara mai kilo 100 a but har murfin bai rufu ba sai da igiya, galibin nauyin a kan tayoyin baya biyu ya ke sauka. Wanda ya saba ganin motocin da ke fitowa daga Getso ranar kasuwa, gindinsu na neman sharar ƙasa, ya san ba ƙari a cikin wannan zance. In irin wannan taya ta yi bindiga, sai a ce tayar kamfani ba ta da ƙarko, alhali kuwa jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Mai niyyar dakon hatsi ba sabuwar taya ya ke bukata ba, a-kori-kura ya ke bukata, mai tayar da aka yi don kaya.

Ga 'yar Kwatano kuwa, tayoyin da ke ƙarƙashinta da wuya su zama na kamfani. Na wani Bature ne da ya saya don sanyin garinsu. A duba gefen, in an ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, to galibi tayar hunturun Turai ce. Robarta mai taushi ce, an haɗa ta don ta kama hanya sa'ad da awon zafi ya sauka ƙasa da 7. A kwalta mai zafi sai ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata. Zanenta ya kan yi zurfi, ya yi kyau a ido, shi ya sa ta ke ruɗin mai saye. Irin wannan a cire ta ba tare da jinkiri ba. Haka nan in aka tarar da huɗun ba iri ɗaya ba ne, ko ɗaya ta yi ƙulu a gefe, ko zanen ya sauka daidai da 'yan tudun da aka dasa a cikin kwarinsa don alama. Sabuwar taya zurfin zanenta ya kai milimita 8 ko kusa da haka, waɗannan 'yan tudu kuwa suna a 1.6. Zanen nan shi ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, wadda ta yi sanƙo a kan ruwan Agusta ba ta bin umurnin sitiyari. Kuɗin taya huɗu da na safaya, a lissafa su cikin kuɗin motar tun wajen ciniki, a nemi ragi a kansu.

Akwai hali guda da sake taya ya ke da hujja ko a kan sabuwa dal. Motocin zamani da yawa suna zuwa da babban wili da siririyar taya, don ado da gudu a hanya mai santsi. Wanda gidansa ko gonarsa ke can cikin ƙauyukan Kabo, inda sai an sauka daga kwalta an bi burji da gargada, ga ƙaya, ga tushiyar kara bayan girbi mai kaifi kamar mashi, siririyar taya ba ta yi masa rana. Rami guda ya isa ya tsaga gefenta ya lanƙwasa wilin. Wannan in ya koma ga taya mai kauri bai yi ɓarna ba, da sharaɗin ya tsaya kan girman da kamfani ya yarda da shi, wanda a ke rubutawa a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Abin mamaki, samari akasin haka su ke yi, su cire mai kauri su sa siririya don a gani a tasha. Abin da kuwa ya fi cancanta a kashe wa kuɗi shi ne taya ta biyar. Motoci da yawa yanzu 'yar ƙaramar safaya a ke sa musu, wadda ba a so a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, waɗansu ma ba safayar sam. Wannan dabara ce ta ƙasar da ke da gareji a kowane zango, ba ta mutumin da dare ya yi masa tsakanin Gwarzo da Dayi ba.

A wannan takarda ta jikin ƙofa an kuma rubuta yawan iskar da ta dace, ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Da safe a ke aunawa, kafin taya ta ɗau zafi. Masu faci da yawa da ɗan yatsa su ke gwaji, ko su danƙara iska fiye da ƙa'ida don mai mota ya ji taya ta yi tauri. Geji ba shi da tsada, ya kamata ya zauna a cikin motar. In kuma taya ta fashe ana tafe, a riƙe sitiyari da ƙarfi, a ɗaga ƙafa daga totur, kada a danna birki gaba ɗaya. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe ana cikin gudu. Mota ce ta alfarma, ba ta haya ba.

Saura magana guda, wadda ta shafi malamai da 'yan kasuwa tare. Tayar da aka cire ina za ta? Dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tayoyi Nijeriya, amma ga su nan tuli a kasuwa, an wanke su, an shafe su da baƙin mai, waɗansu ma an sassaƙa musu sabon zane da wuƙa har an kusa taɓa waya. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san matsayin algus da ɓoye aibi, ya kuma san mai saye yana da ikon mayar da hajar da ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikinta. Aibin taya kuwa ya bambanta da na sauran haja, domin sau da yawa ba ya bayyana sai a lokacin da ba sauran mai dawowa ya yi ƙara. Mai motar da ya cire tayar ƙanƙara ko wadda ta shekara goma don tsoron ransa, sa'an nan ya sayar wa direban haya da ke jigilar mutane tsakanin Kabuga da Gwarzo ba tare da bayani ba, bai raba kansa da ita ba, wataƙila ma iyalinsa ne za su shiga motar gobe. In tayar lafiyayya ce, girmanta kaɗai ne bai dace da hanyarsa ba, ya sayar ya faɗi dalili. In kuwa ta tsufa, akwai masu bukatarta da ba za su hau da ita kwalta ba: masu yanka takalma, da masu yin igiyar ɗaurin kaya, da makiyaya masu neman abin zuba wa awaki dusa. A huda gefenta da wuƙa kafin a ba da ita, don kada ta sāke komawa kan wili.