Shugaban Jami'a da Masu Auna Shi: Darasi Daga Birnin Bath

A ranar 28 ga Nuwamba, 2017, Farfesa Glynis Breakwell, wadda ta riƙe ragamar Jami'ar Bath ta ƙasar Ingila tun daga 2001, ta ba da sanarwar cewa za ta sauka daga kujerarta a ƙarshen watan Agusta na 2018, bayan an shafe watanni ana ta ce-ce-ku-ce game da albashinta a jaridu, da zauren majalisar dokoki, da farfajiyar jami'ar kanta. Babu wanda ya tuhume ta da cin dukiyar jami'a, babu kuma wanda ya iya cewa ta gaza a aikinta. Sai dai abin da ya kai ta ga sauka al'amari ne da ya shafi duk wata makaranta da aka ɗora wa mutum ɗaya amanarta, don haka ya cancanci ma'abota ilimi na kowace ƙasa su tsaya su yi masa nazari na natsuwa.

Adalci ya wajabta a fara da ambaton alherinta. A cikin shekarun da ta yi tana shugabanci, jami'ar ta bunƙasa ta fuskar yawan ɗalibai da gine-gine da martaba, har jaridar Sunday Times ta zaɓe ta a matsayin gwarzuwar jami'o'in Birtaniya a 2011, sannan a 2017, wato a shekarar da rigimar ta tashi, ta sami daraja mafi girma a awon ingancin koyarwa da hukuma ta gudanar. Amma a daidai wannan lokaci abin da ake biyan shugabar a shekara ya tashi daga fam 451,000 ya kai fam 468,000, wanda ya fi na kowane shugaban jami'a a ƙasar, ya kuma ninka na Firayim Minista fiye da sau uku, alhali ƙarin da malamai da sauran ma'aikata ke samu a shekara bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, ɗalibai kuwa suna cin bashi domin su biya kuɗin makaranta da ya kai fam 9,250 a shekara.

Duk da haka, da yawan kuɗin ne kaɗai matsalar, mai yiwuwa da ƙurar ta lafa, domin magoya bayanta suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, cewa jami'a mai dubban ma'aikata da kasafin ɗaruruwan miliyoyi tana bukatar gwani, gwani kuwa ba ya samuwa da araha. Abin da ya ɓata lamarin ya faru ne a watan Fabrairu na 2017, a babban taron shekara na jami'ar, inda wakilan malamai da ɗalibai da manyan gari suke haɗuwa. A nan wani daga cikin mahalarta ya gabatar da ƙudurin nuna damuwa game da yadda kwamitin albashi ke aikinsa a ɓoye. Da aka ƙirga ƙuri'u, sai ƙudurin ya faɗi da 33 a kan 30. A cikin waɗanda suka kayar da shi kuwa har da shugabar kanta da wasu manyan jami'ai waɗanda kwamitin ne yake yanke musu albashi. Ita ma tana cikin mambobin wannan kwamiti, ko da yake takan fita daga ɗakin idan an zo kan batun nata kuɗin. Da hukumar da ke kula da kuɗin jami'o'in Ingila a lokacin ta bincika, sai ta fitar da rahoto a Nuwamba wanda ya nuna cewa yadda aka tafiyar da wannan ƙuri'a ya zubar da mutuncin jami'ar. Wasu 'yan majalisar dokoki sun riga sun ajiye kujerunsu na babban taron, majalisar malamai kuma ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa wadda shugabar ta tsallake da ƙyar, da 19 a kan 16.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin shaida da hukunci, inda suka tabbatar cewa ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani ko ya tunkuɗe wa kansa cuta da ita, kuma alƙali ba ya yanke hukunci a shari'ar da take tasa, komai adalcinsa da tsoron Allahnsa. Hikimar wannan ƙa'ida ita ce kare mutumin kirki daga tuhuma kamar yadda take kare jama'a daga azzalumi, domin zuciyar ɗan Adam tana karkata ga abin da take so tun kafin mai ita ya farga. Masana tarihi sun ruwaito cewa da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, sai aka gan shi da safe ɗauke da tufafi ya nufi kasuwa domin neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Sayyidina Umar ya tare shi, aka tafi wajen Abu Ubaida, aka yanka masa abin da zai wadace shi daga baitulmali. Wanda ya fi kowa iko a cikin al'umma, wasu ne suka ƙayyade masa rabonsa. Shi kuwa Sayyidina Umar, a zamanin halifancinsa, yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da aka naɗa shi domin a gwada da abin da ya tara daga baya, yakan kuma aika Muhammadu ɗan Maslama ya binciki ƙorafin talakawa a kan masu mulkinsu.

A nan ne batun daɗewa a kan kujera, kamar yadda Breakwell ta daɗe a Bath, yake shigowa, kuma bai kamata a yi masa hukuncin gaggawa ba, domin tarihi ya ba da shaida ta fuska biyu. Charles Eliot ya shugabanci Jami'ar Harvard ta Amurka shekara 40, daga 1869 zuwa 1909, kuma da wa'adinsa gajere ne, da bai ga ƙarshen gyaran da ya fara a makarantar koyon likitanci da ta shari'a ba. A gida Nijeriya kuma, Farfesa Ishaya Audu ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1966 zuwa 1975, cikin shekarun yaƙin basasa da bayansa, a zamaninsa ne kuma aka kafa sashen koyon likitanci da makarantar share fagen shiga jami'a wadda ta buɗe ƙofa ga dubban 'ya'yan Arewa. Amma Nicholas Murray Butler, wanda ya zauna a kujerar Jami'ar Columbia daga 1902 zuwa 1945, ya kai ga a 1917 aka sallami malamai saboda ra'ayinsu game da yaƙi, ya kuma ci gaba da riƙe ofis har ganinsa ya yi rauni ƙwarai, kafin amintattun jami'ar su nemi ya huta. Illar daɗewa takan shigo ne a hankali: shekara bayan shekara waɗanda suka naɗa shugaba suna ƙarewa, waɗanda suka shigo majalisar gudanarwa a zamaninsa, da yawa kuma da shawararsa, suna maye gurbinsu, har a wayi gari masu auna shi duk mutanen da ke jin nauyinsa ne, masu faɗa masa gaskiya kuwa sun gaji sun yi shiru ko sun tafi.

Nijeriya ta zaɓi magance wannan da doka, inda ta ƙayyade wa shugaban jami'ar tarayya zango ɗaya na shekara 5 ba tare da sabuntawa ba. Wannan ya toshe ƙofar kamun ƙafa domin neman tazarce, kuma alheri ne babba. Sai dai gajarta wa'adi daban, yin hisabi daban. Wanda ya san cewa zai tafi a ranar kaza, ko ya kyautata ko ya munana, yana iya karkata ga abin da ido ke gani, kamar katafariyar ƙofar shiga da ginin da za a liƙa sunansa a jiki, ya bar ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje da tarbiyyar ƙananan malamai, waɗanda amfaninsu ba ya bayyana sai bayan ya daɗe da barin gari. Doka ta tanadi cewa Shugaban Ƙasa ya riƙa aika kwamitin bincike zuwa kowace jami'ar tarayya duk bayan shekara 5, amma kwamitocin da aka kafa a 2021 sai da aka haɗa musu shekara 10 cur, daga 2011 zuwa 2020, lokacin da yawancin waɗanda ake binciken zamaninsu sun riga sun sauka. Abin da ya auku a Jami'ar Legas a 2020 kuwa, inda majalisar gudanarwa ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, a watan Agusta, gwamnati ta mayar da shi a Nuwamba bayan wani kwamiti na musamman ya duba yadda aka yi, ya nuna cewa masu awon ma suna bukatar ƙa'idar da za ta ɗaure su.

To, da wane mudu za a auna? Ra'ayina shi ne a rubuta ma'aunin tun ranar naɗi, a bayyana shi ga malamai da ɗalibai, kada a jira sai rigima ta tashi sannan kowane ɓangare ya ɗauko mudun da ya yi masa daɗi. A tambaya ko ɗalibi yana gama karatunsa a lokacin da aka ɗiba, ya karɓi takardar shaidarsa ba tare da ya yi ta safa da marwa ba. Ko malaman kirki suna zuwa ne ko suna gudu. Ko ana fitar da lissafin kuɗi a kan kari, wani na waje ya tantance shi. Ko ƙarin girma yana bin cancanta ne ko kusanci. Ko malamin da ya saɓa wa shugaba a zauren majalisa yana kwana da kwanciyar hankali. Ko kuma shugaban ya raini waɗanda za su iya gadonsa. A yi wannan muhasaba a tsakiyar wa'adi, lokacin da gyara yake da amfani, a kuma ji ta bakin na ƙasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Game da albashi kuwa, Ingila ta ɗauki darasi, domin a 2018 ƙungiyar shugabannin majalisun gudanarwa na jami'o'inta ta fitar da ƙa'ida cewa shugaban jami'a ba zai zama mamba a kwamitin da ke yanke masa albashi ba, aka kuma wajabta wa jami'o'i su bayyana abin da suke biyansa da yadda yake idan an gwada shi da na sauran ma'aikata. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da amana take bukata, kuma ya dace ya haɗa da alawus da gida da mota da kuɗin tafiye-tafiye, waɗanda sau da yawa su ne ɓoyayyen rabin lissafin. Shugaban da ya san ya riƙe amana ya kamata ya riga kowa neman a kafa masa masu bincike waɗanda ba ya iya naɗa su ko tsige su, domin shaidarsu ce kaɗai jama'a za su gaskata a ranar da yake bukatar wanda zai wanke shi.