Ɗan Ƙwaron Da Ya Bi Sawun Ciyawa Har Amurka

A shekarar 1919 ne aka fara lura da wani ɗan baƙin ƙwaro cikin furannin ciyawa a jihar New York ta ƙasar Amurka. Babu wanda ya kai shi da gangan. Daga Turai ya fito, watau ƙasar asalin ciyawar da yake ci.

Masana suna kiransa Brachypterolus pulicarius. Kalmar farko sunan ƙaramin danginsa ce, ma'anarta mai gajeren fiffike, domin murfin fiffikensa bai kai ya rufe ƙarshen cikinsa ba, kamar wanda ya ari taguwar ƙanensa. Ta biyun kuwa daga sunan ƙuma aka samo ta cikin harshen Latin. Girmansa bai wuce ƙwayar gero ba, kimanin milimita 2.

Ita ciyawar, Linaria vulgaris, mai furanni ruwan ɗorawa, Turawa ne suka kai ta Amurka don ado. Daga baya ta ƙetare shinge ta mamaye makiyayu da gonaki har cikin Kanada. Shanu ba su cika taɓa ta ba, saboda haka sai ta yi ta yaɗuwa, ciyawar kiwo tana ja da baya, makiyayi yana asara.

To, a nan ne ƙwaron ya sami daraja. Da sanyi ya wuce sai ya fito daga ƙasa, ya gwaguye kan sabon toho. Macen ta saka ƙwai cikin furen da bai buɗe ba, tsutsar da ta ƙyanƙyashe kuma ta cinye garin furen da mahaifar irin tun bai nuna ba. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta ɓuya, sai baɗi. Ganin irin ciyawar yana raguwa ƙwarai, ma'aikatan gona suka riƙa kwasar ƙwaron suna kaiwa inda bai isa ba.

Amma kada mai karatu ya zaci an gama da ita. Ciyawar nan ba da iri kaɗai take haihuwa ba. Saiwarta tana rarrafe ƙarƙashin ƙasa, ɗan guntun da garma ta yanke ma yakan tsiro. Ƙwaron yana rage mata saurin kama sabon wuri, amma inda ta riga ta kafu ba ya iya tumɓuke ta. Shi ya sa aka sake komawa Turai neman waɗansu ƙwarin masu huda kara da saiwa.